Ƙwallayen Magarya a Bayan Ɗakin Mma

Ina auna wa wata mata wake a rumfata da ke Kasuwar Malam Atta, da hantsi, sai na hango Hajiya tana ratsowa ta tsakanin masu tumatir, babu kwando a hannunta. Hajiya maƙwabciyarmu ce a unguwar Nima da ke Akra, kuma ita ce abokiyar aikin mahaifiyata, Mma, wajen wankan gawa. Duk macen da ta rasu a layinmu da layukan da ke kewaye, su biyun ake kira. Ciwon ƙafa ya daɗe da hana ta zuwa kasuwa. Ganinta kawai ya sa na ajiye kwanon awo.

Ta tsaya a gabana tana mayar da numfashi, ta ce, "Rufe rumfa, 'yata. Mma ta riga mu."

Na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Matar da nake auna wa waken ta ɗaure bakin buhun da hannunta, ta ce in tafi, za ta gaya wa ta kusa da ni ta kula da kayan. Mma ta jima tana kwance, don haka ba zan ce labarin ya zo mini ba zato ba. Da safen nan na ba ta koko, ta sha rabi, ta ce in wuce kasuwa, in daina zama ina kallonta kamar talabijin.

A cikin trotro, motar haya, Hajiya tana ta faɗin abin da aka yi da abin da ya rage: likkafani yana cikin akwatin Mma, yayana ya tafi wajen liman, an tura masu haƙa kabari. Sai ta ce, "Garin magarya yana wurina. Saura kaɗan, amma zai isa." Hankalina yana kan wani ɗan tsiro da ke bayan ɗakin Mma, wanda bai kai rabin ƙwaurina ba. Tun ina ƙarama Mma take faɗa mini cewa ranar da ta mutu, da ganyen magaryar da ta shuka da hannunta take so a wanke ta. Wannan ɗan tsiron shi ne duk magaryar da take da ita, kuma idan na tsinke ganyensa ban san ko zai rayu ba.

Mma ba a Akra aka haife ta ba. Daga wani ƙauye take can arewa, kusa da iyakar Nijar. Ta biyo yayanta mai fataucin goro, ta haɗu da Baba a nan, ta zauna, ba ta sake komawa ba. Shi kuwa Baba ɗan Sabon Zongo ne, jikan soja, makaniki a Adabraka, bai taɓa wuce Kumasi ba, bai kuma taɓa ganin bishiyar magarya a tsaye ba.

Tana yarinya mahaifiyarta ta rasu, aka aike ta bayan gida ta tsinko ganyen magarya na wanka. Ƙaya ta yage ta a wuyan hannu, tabon yana nan har ta tsufa. Ta ce da aka daka ganyen aka kaɗa shi a ruwa, sai ya tashi da kumfa fari, yana ƙamshin ɗanyen abu, kuma wannan ƙamshin shi ne abu na ƙarshe da ta sani na uwarta. A Akra kuwa garin busasshen ganye ake samu, fatake su kawo shi a ƙunshe cikin takarda, ya yi ruwan ƙasa, wani lokaci a gauraye da ganyen da ba a san ko na mene ne ba. Da shi suke aiki ita da Hajiya. Idan ta kaɗa shi ya ƙi kumfa, takan ce, "Wannan ba magarya ba ce, labarinta ne."

Tsakanin bayan ɗakinta da katangar da ta raba mu da babbar gwata akwai wani ɗan fili, faɗinsa bai fi tabarma biyu ba. A gidajen Nima irin wannan wuri ba ya zama banza, ko a yi madafa ko a yi makewayi ko a kafa ɗakin haya. Mma ta ce nata ne, Baba bai yi musu ba.

Farkon abin da na tuna shi ne ta sayo mana busassun 'ya'yan magarya wajen matan da ke kawo kayan arewa, ta zaunar da ni da yayana, ta ajiye kwano a tsakiya.

"Ku tsotse, ku tofa a nan. Wanda ya tofar mini a waje, shi da koko sai jibi."

Ta zuba ƙwallayen cikin ruwa. Waɗanda suka taso sama ta zubar, ta ce babu komai a cikinsu. Waɗanda suka nutse ta binne a filin nan, muka shiga jira. A Akra damina biyu ake yi: babbar ta zo ta wuce, ƙaramar ma ta zo ta wuce, ko ɗaya bai fito ba. A gefe guda kuwa, ƙwayar masarar da ta faɗi lokacin da ake ba kaji tsaba ta tsiro kafin mako ya zagayo, ba wanda ya roƙe ta.

Abin da na lura da shi tun lokacin, Mma ba fushi ta yi ba. Mamaki ne ya kama ta. Wata rana ta sa tsinke ta tono ƙwallo ɗaya, ga shi nan yadda aka binne shi, ko tsagewa bai yi ba. Ta ɗora shi a kan dutsen niƙa ta fasa a hankali. A ciki akwai 'yan iri biyu, ƙanana, masu santsi. Ta sa farce ta raba ɗaya, cikinsa fari ne, da danshi.

Ta ce, "Kin gani? Yana da rai. Ƙin fitowa ya yi. To me yake jira?"

Wannan tambayar ce ta bi ta har ƙarshen rayuwarta, ni ma ta bar mini ita.

Baba ya samu abin tsokana. Idan ya dawo daga gareji, kafin ya wanke hannu sai ya leƙa bayan ɗakin.

"Sarkin noma, gona ta yi kyau bana. In nemo mota ko amalanke zai isa?"

"Malam, kai da ko albasa ba ka taɓa shukawa ba."

"Ai shi ya sa ba ta taɓa ƙin fito mini ba."

Sai ta jefe shi da ɓawon lemo, ya shige yana dariya. Duk da haka shi ne ya kawo mata tsohuwar ragar ƙarfe daga gareji, ya kewaye wurin don kada kaji su tona.

Daga nan ta fara tambayar duk wanda ta ga yana hulɗa da ƙasa. Akwai wasu Dagombawa da ke noman ganye a bakin rafi, suna shuka lalo, wanda a nan muke ce wa ayoyo. Ta tarar da ɗayansu ya ƙulle iri a tsumma yana tsoma shi cikin ruwan zafi, ya ciro da sauri. Ta ce masa ai ya dafa shi. Ya ce a'a, in ba a yi masa haka ba sai ya yi ta fitowa ɗaya-ɗaya har mutum ya gaji. Ta dawo gida ta gwada da ayoyo, ya fito kamar gashi. Ta gwada da magarya, shiru. Wata tsohuwa ta gaya mata cewa irin gasaya idan sabo ne ba ya tsirowa, sai an rataye shi a madafa ya sha hayaƙi ya kwana biyu. Wani ya ce ƙwallon kuka gogawa ake yi a siminti har sai farin cikinsa ya leƙo. Duk ta gwada, kuma kowanne ya yi a kan abin da aka faɗa shi. Ta samu kuka biyu ma, ta ba wani mai gona a bayan gari don babu inda za su tsaya a Nima. Magarya kaɗai ce ta ƙi.

Ta gwada shuka 'yan irin bayan ta fasa ƙwallon. Waɗanda dutse bai murƙushe ba, tururuwa ta kwashe rabi, sauran suka fito da wuri, sirara, ruwan sama ya yi musu yawa suka ruɓe daga tushe. Ta ce waɗannan an tashe su ne ba su shirya ba. Ta kuma yi tunanin ko zafin ƙasar arewa suke nema, tunda a nan iskar teku ba ta barin komai ya bushe sosai. Sai ta sa yayana ya zuba wasu a kan rufin kwano, suka yi rani guda suna gasuwa, sannan ta binne su.

Abin da ya canza mata tunani ya zo ne bayan wata Babbar Sallah. Baba ya yanka rago, aka juye abin da ke cikin tumbinsa a gefen filin nan, aka rufe da ƙasa don wari. Da ruwa ya sauka, sai ga wasu tsirrai a daidai wurin. Mma ta durƙusa ta daɗe tana kallo, sannan ta kira ni.

"Wannan bagaruwa ce. Rabona da ita tun ina budurwa. Wa ya kawo ta Nima?"

Ta ba kanta amsa kafin in buɗe baki: ragon ne. Sai ta tuna cewa a ƙauyensu ba a shuka magarya, amma duk inda awaki suke kwanciya da rana suna tuƙa, nan za ka ga ƙananan magarya sun fito. Dabba takan haɗiye 'ya'yan, ƙwallon ya jiƙa a cikinta, in ta zo tuƙa ta tofar da shi.

Shekarar da ta biyo baya, ana saura kwanaki Sallah, ta ce in ɗauko daro mu je inda ake sauke raguna. Lokacin na zama budurwa, kuma ba zan ɓoye ba, kunya ta ishe ni. Mutane suna taɓa ƙirjin rago suna duba haƙoransa, ita kuwa tana leƙen cikin motar da aka sauke su. Mai ragunan wani dogon Bazabarme ne, ya zo ya tsaya a kanta.

"Mama, ragunan suna nan ƙasa. Can sama babu komai sai kashinsu."

"Shi nake so, ɗana. Yaushe motar nan ta iso?"

"Yau da asuba."

"Madalla. Wanda ya kwana biyu a nan ya riga ya zama ɗan Akra, ɓawon rogo ne kawai a cikinsa."

"To kashin ma sai kin zaɓa? Akwai na rago mai ƙaho, akwai na marar ƙaho, farashinsu ba ɗaya ba."

"Ba ni na wanda ya fi ka hankali."

Ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya hau motar da kansa ya share mana daro guda. Tun daga shekarar, duk Sallah yakan ajiye mata shara a buhu, in ya hango mu ya ce ga mai sayen abin da ba a sayarwa ta iso.

A gida takan baza sharar a kan tsohuwar tabarma, ta ɗauki tsinken tsintsiya tana tonawa. Nan ne na ga Mma a wata kama da ban san ta da ita ba. Kowace ƙwaya ta san sunanta. Wannan na gawo ne, wannan tafasa, wannan babban na aduwa. Ƙarangiya ma tana nan, maƙale da gashin da ya zube. Takan ce ragunan bana daga wajen fadama suka fito, ko ta ce waɗannan sun sha wuya, ƙaya kawai suka ci. Hajiya takan zauna a kan kujera 'yar tsugunno ta toshe hanci da gefen mayafi, ta ce, "Mutane suna duba a ƙasa, ke kina duba a kashin tumaki. Faɗa mini, zan je Makka kuwa?" A cikin sharar akwai ƙwallayen magarya, tas da su kamar an wanke. Ta binne su, ta zuba sauran sharar a kai.

Abubuwa suka riƙa fitowa, amma ba gaba ɗaya ba. Tafasa ta fito kaɗan a shekarar, kaɗan a ta gaba, wasu kuma bayan mun manta da su. Mma ta ce ta gane wani abu. Masara da wake sun saba da mutum, sun san in suka mutu akwai wasu a rumbu, shi ya sa da ruwan farko suke fitowa duka. Abin daji ba shi da rumbu sai ƙasa. Idan duka suka fito, ruwan kuma ya ɗauke, zuriyar ta ƙare ke nan. Don haka wasu su fito su gwada, wasu su zauna a baya. Na tambaye ta yadda suke sanin wanda zai fita da wanda zai zauna. Ta ce da ta sani da ta daɗe da samun bishiyarta.

Baba ya rasu kafin shekarar yunwa, bai ga abin da ya biyo baya ba. A shekarar ruwa ya ƙi sauka, abinci ya ɓace daga kasuwa, mutane suna layi tun kafin a sauke tukunya. Filin Mma ya bushe ya tsattsage, ko ciyawa babu. Da ruwa ya dawo a shekara ta gaba, wurin ya cika maƙil cikin 'yan kwanaki: tafasa, gasaya, zaƙi-banza, da wasu da ita kanta ba ta san su ba. Mun ci kwaɗon tafasa, maƙwabta ma sun ci. A tsakiyarsu, wata safiya tana tsinkar ganye, ta ga wani tsiro mai ganye ƙanana, kowanne da jijiya uku, bayansa fari-fari.

Na ɗauka za ta yi guɗa. Zama ta yi a ƙasa tana kallonsa, can ta ce, "Ta fito, amma ba ta gaya mini dalili ba." Na kasuwa ne, ko na kan kwano, ko na cikin rago? Farin ne ya tashe shi, ko dai lokacinsa ne ya yi? Duk a wuri ɗaya ta binne su, babu yadda za a gane. Abin ya dame ta kusan yadda ya faranta mata. A ranar ta samo fasassun bulo ta raba sauran filin gida uku, don na gaba in ya fito ta san daga ina yake.

Magaryar ta yi 'yan shekaru tana girma a hankali har ta kai ƙuguna. Mma ba ta bari a taɓa ganye ɗaya. Sau ɗaya tak ta tsinka. Wata mata ce 'yar arewa, mai dakon kaya a kasuwa, ta rasu a wani ɗaki da suke kwana su da yawa, ba dangi, ba wanda ya san garinsu sosai. Aka kira Mma da Hajiya. Mma ta zagaya bayan ɗaki ta dawo da ganye cike da hannu biyu, ta ce in biyo su in riƙa zuba ruwa. Ranar ce farkon shigata wankan gawa, ranar ce kuma na ga kumfan da take faɗa, na ji ƙamshin. A hanyar dawowa na ce mata na ɗauka ganyen nata ne. Ta ce, "Ni ina da ku. Ita ba ta da kowa a nan sai abin garinsu."

Ba a daɗe ba aka yi wani ruwa da ya cika babbar gwata, ta tumbatsa, ta karya gindin katangarmu. Baƙin ruwa ya kwanta a filin kwana da kwanaki. Da ya janye, magaryar ta yi rawaya, ta zubar da ganye, ta bushe har saiwa. Bulon da ta raba wurin da shi ya watse, laka ta gauraya komai. Mma ta tsaya tana duban wurin, ta ce, "To. Mun koma farko." Ta ci gaba da binne ƙwallaye duk Sallah, amma ba ta sake raba filin ba.

Shekaru suka wuce babu magarya. Yayana ya yi aure, yara suka zo, ɗakinsa ya yi musu kaɗan. Wata rana ya same ta tana cire ciyawa a wurin.

"Mma, wurin nan ɗaki guda ne fa. Bulo kaɗan zai ci."

"Akwai masu kwana a ciki."

"Su wa?"

"Waɗanda na binne. Ba su tashi ba tukuna."

"Tun ina makarantar allo suke barci, Mma. Ko haya ba sa biya."

"Kai ma ba ka biya. In na tafi ka gina, ba zan hana ka ba lokacin."

Bai sake tayar da maganar ba tana raye.

A ƙaramar daminar da ta zo kafin rasuwarta, ciwo ya riga ya kama ta, ni ce nake share bayan ɗakin. Na ga tsiron a jikin katanga, inda ba na tsammanin an taɓa binne komai, sai dai in ruwan nan ne ya kai ƙwallon can. Na riƙo ta muka fito a hankali. Ta sa na ɗaga mata ganye ɗaya ta ga bayansa. Ta ce ita ce. Ta ce kada in damu da ƙanƙantarsa, magarya ƙasa take fara yi kafin sama, akuya takan cinye ta ƙaf ta sake fitowa in saiwar ta riga ta yi nisa. Na tambaye ta yaushe saiwar take yin nisa. Ta ce ba ta taɓa tonawa ta gani ba.

Na ce, "Mma, idan Allah ya yi ikonsa kafin ta girma fa?"

Ta ce, "Sai ki ga yadda za ki yi. Ni lokacin ba na magana."

Wannan ce maganar da nake juyawa a cikin trotro, har muka sauka muka shiga lungunmu.

Gidan ya riga ya cika da mata. Na shiga na ga Mma, an rufe ta da zanenta mai ruwan bula, na zauna kusa da ita kaɗan. Da aka ɗora ruwa a wuta, na tashi na zagaya bayan ɗakin. Hajiya ta biyo ni tana jan ƙafa.

Ta ce, "'Yata, ba wajibi ba ne. Ruwa mai tsarki ma ya isa, kin sani. Ga gari a hannuna. Wannan abin in kika tsige shi mutuwa zai yi, wahalar Mma ta shekaru ta tafi ke nan."

Na ce na sani.

"Da tana nan ba za ta bari ki taɓa shi ba."

"Da tana nan ai babu dalilin taɓa shi, Hajiya."

Na durƙusa. Ƙayar magarya biyu-biyu take, ɗaya miƙaƙƙiya ɗaya lanƙwasasshiya, ko a ƙaramin tsiro haka take. Na riƙa cire ganyen ɗaya bayan ɗaya daga ƙasa zuwa sama, ina riƙe karan da ɗayan hannun don kada ya tumɓuke. Na bar 'yan mitsi-mitsin da ke can kan tsinin. Abin da na samu bai cika tafin hannuna ba.

Na daka shi a ƙaramin turmin yaji bayan na wanke turmin sosai. Hajiya ta miƙo garinta za ta ƙara, na roƙe ta ta bari, a yi na jiki da garin, wannan kuma a ajiye shi daban. Na zuba shi a 'yar ƙwarya da ruwa kaɗan, na kaɗa da yatsu. Na daɗe ina kaɗawa kafin wani siririn kumfa ya taru a gefen ƙwaryar. Hajiya ta leƙa ta ce, "Ya yi." Da shi muka wanke mata kai da fuska, abin da ya rage na shafa a hannunta na dama, inda tabon yake. Bayan azahar maza suka ɗauke ta.

Rani ya shigo. Ina zuba wa tsiron ruwa safe da yamma, amma 'yan ganyen da na bari suka yanƙwane suka faɗi, karan ya tsaya kamar tsinken tsintsiya. Na kankare shi kaɗan da farce daga sama, busasshe ne. Ban kankare can ƙasa ba.

Bayan addu'ar arba'in yayana ya sa aka kawo bulo. Ya same ni a wurin da buta a hannu.

"Kin ji abin da Mma ta ce. In ta tafi in gina."

"Na ji, Yaya. A gabana ta faɗa."

"To?"

"Bari damina ta wuce."

Ya jera bulon a jikin bango ya bar ni. Damina ta zo, tafasa ta fito, bagaruwa ɗaya ta leƙo kaji suka cinye ta. Karan magaryar bai motsa ba, wani sabo kuma bai fito ba. Na san akwai ƙwallaye da yawa a ƙarƙashin wurin, na Sallah bayan Sallah, wasu tun Baba yana raye. Wanda ya ba mu ganyen wankan ma ban san shekarunsa nawa a ƙasa ba, ban kuma san abin da ya tashe shi ba. Yayana ya ce abin mai sauƙi ne, a sa fartanya a tona gindin karan, in saiwar ɗanya ce ya haƙura, in ta bushe ya kira magini. Gaskiya ya faɗa, kuma yaransa suna kwana a matse. Na ce masa in tana da rai, tonawar ce za ta kashe ta. Ya ce to sai yaushe. Na ce ban sani ba.

Bulon yana nan jingine da bango, ni kuma har yau ban tona wurin na ga ko saiwar tana da rai ba.